Darasi na 9: Baiwa Iri-iri a Jiki Ɗaya

Nassosin darasi: 1 Korintiyawa sura 12 zuwa 14, Romawa 12:3-8, Afisawa 4:1-16, Ayyukan Manzanni 6:1-7. Kowa ya zo da Littafi Mai Tsarki nasa. Ba a kwafo ayoyin a nan ba, don kowa ya buɗe ya nemo da hannunsa. Wanda karatunsa bai nuna ba tukuna ya zauna kusa da wanda ya iya, su bi layi da yatsa tare.

Ga mu kaɗan, ga saɓani

Gundumar Madarunfa ƙasa ce ta noma da kiwo da su da cinikin kan iyaka. Baƙo in ya zo, tafki ake fara nuna masa, sai kaburburan waliyyai 99 da Musulmi ke ziyarta, sai lambunan Jiratawa, in da hali a leƙa da shi dajin Baban Rafi. Ba mai ce masa zo ka ga majami'a, domin mu Kirista ƴan tsiraru ne. A ƙidayar jama'a ta 2012, Kiristan Nijar duka ba su kai mutum 1 cikin 100 ba. A ƙauye, majami'a ɗaki ɗaya ce ta ƙasa da rufin kwano, masu sujada gida biyar ko shida, kowa ya san abin da aka ci a gidan kowa daren jiya.

Sai ka zaci jama'a ƙanƙanuwa haka ba ta da lokacin rigima. Wanda ya taɓa zama taron dattawan ikilisiya ya san ba haka abin yake ba. Ana ɓatawa a kan wa zai yi wa'azin Kirsimeti, wa zai riƙe kuɗin baiko, wace ce za ta shugabanci Zumuntar Mata, don me aka ba ɗan wane jan waƙa alhali muryar ɗan wane ta fi zaƙi. A shekarun baya-bayan nan an ƙaro wata: wa ke da Ruhu, wa ba shi da shi. Saurayi ya tafi ci-rani Maraɗi ko Katsina ko Kano, ya shiga majami'ar da ake addu'a da ƙarfi, ana magana da harsuna, ana ɗora wa marasa lafiya hannu. Ya dawo gida yana ganin cocin ubansa ya mutu, saura jana'iza. Dattijo kuwa ya dube shi ya ce, “Yaron nan hayaniya ya koyo.” Kowannensu da ayar da ya riƙe.

Wannan rigima ta girme mu duka. Manzo Bulus ya sha fama da ita.

Abin da ya faru a Korinti

Korinti birni ne a ƙasar Girka, a kan wani siririn wuyan ƙasa da teku ta sa a tsakiya, yana da tashar jiragen ruwa gabas da yamma. Romawa sun rushe shi a shekara ta 146 kafin haihuwar Almasihu, aka sake gina shi a shekara ta 44 bisa umarnin Yuliyas Kaisar. Saboda haka a zamanin Bulus garin baƙi ne, ƴantattun bayi da fatake da masu sana'a, Yahudawa da Helenawa da Romawa, wurin da arziki sabo ne kuma kowa na so a san da shi. Bulus ya iso wajen shekara ta 50, ya zauna shekara ɗaya da rabi, yana ɗinkin tanti tare da Akila da matarsa Bilkisu. Muna iya sanin lokacin ne saboda an gurfanar da shi gaban gwamna Galiyo, an kuwa tono wani rubutu a kan dutse a garin Delfi wanda ya nuna Galiyo yana kan mulki a shekarun 51 da 52.

Bayan ƴan shekaru, yana Afisa, mutanen gidan wata mace mai suna Kuluwi suka kawo masa labari mara daɗi. Ikilisiya ta rabu ɓangare-ɓangare, waɗansu na Bulus, waɗansu na Afolos mai iya baki, waɗansu na Kefas, waɗansu kuma suka ce su na Almasihu ne kawai, wanda wata hanya ce ta cewa sun fi kowa. Ɗan'uwa na kai ɗan'uwa ƙara kotu. Wajen Jibin Ubangiji masu hali su ci su ƙoshi har su bugu, talaka ya tashi da yunwa. Lokacin sujada kowa na magana a lokaci ɗaya.

A lura da wani abu a sura 1 ta wasiƙar da ya rubuta musu, wato 1 Korintiyawa. Tun kafin ya fara faɗa, Bulus ya shaida cewa babu baiwar da mutanen nan suka rasa. A sura 3 kuma ya kira su jarirai. Duka biyun gaskiya ne, a kan mutane guda. Ashe ikilisiya tana iya cika da masu annabci da masu warkarwa da masu harsuna, ta kuma kasance marar lafiya. Yawan baiwa ba shi ne ma'aunin girma cikin bangaskiya ba. Da saurayin da ya dawo daga birni da dattijon da ya tare shi, kowa ya tauna wannan kafin mu ci gaba.

Mece ce baiwa, kuma ta wa ce

A 1 Korintiyawa 12:8-10 an jera baye-baye 9: maganar hikima, maganar sani, bangaskiya, warkarwa, ayyukan al'ajabi, annabci, rarrabe ruhohi, harsuna, da fassarar harsuna. Nan mutane da yawa ke tsayawa. Amma a ƙarshen surar an ƙara masu taimako da masu iya tafiyar da al'amura. A Romawa 12 jerin ya sake kama, ga hidima, ga koyarwa, ga ƙarfafa zuciya, ga bayarwa, ga shugabanci, ga jinƙai. A Afisawa 4 kuma mutane aka lissafa, manzanni da annabawa da masu bishara da makiyaya da masu koyarwa. Jerin nan ba su zo ɗaya ba, kuma Bulus bai damu ya daidaita su ba. A ganina wannan ya isa shaida cewa misalai yake bayarwa, ba rajista ba. Wanda ya duba bai ga sunan abin da Allah ya ba shi ba, kada ya ce an manta da shi.

Abu biyu ne ba su canja ba a ko'ina. Ruhu ne ke rabawa yadda ya ga dama, kuma don amfanin jama'a duka ake bayarwa. Tun da kyauta ce, babu abin taƙama. Ba a kuma sayar da ita. Siman, mai sihirin nan na Samariya, ya miƙa wa manzanni kuɗi don ya sami irin ikonsu, amsar da Bitrus ya ba shi tana Ayyukan Manzanni sura 8, ba ta da daɗin ji. Duk wanda ya sa wa addu'arsa farashi, ko yana sayar da ɗan mai a kwalba da sunan warkarwa, a karanta masa wurin nan a hankali.

Batun harsuna fa? Majami'un da suka fito daga aikin mishan SIM sun saba da sujada mai natsuwa, waƙa daga littafi, wa'azi aya bayan aya. Majami'un Fentikos kuwa, waɗanda tarihinsu na zamani ya faro daga tarurrukan titin Azusa a birnin Los Anjalas na Amurka a 1906, sun ɗauki harsuna da warkarwa da muhimmanci ƙwarai, sun kuma yawaita a biranen Nijar daga shekarun 1990. Sura 14 ta 1 Korintiyawa ba ta bar wa kowane ɓangare filin duka ba. Bulus ya hana a hana magana da harsuna, ya ma ce shi ya fi su yi. Amma ya kafa doka: mutum biyu, in sun yi yawa uku, ɗaya bayan ɗaya, da mai fassara. In babu mai fassara, mutum ya yi tsakaninsa da Allah. Masu annabci ma biyu ko uku, sauran jama'a su auna abin da aka faɗa. Wato kalmar “Ubangiji ya gaya mini” ba ta rufe bakin kowa. Ya kuma ce a cikin taro kalmomi 5 da za a fahimta sun fi masa 10,000 da ba mai ganewa.

Wannan doka ba ta masu harsuna kaɗai ba ce. Mai wa'azin da ya yi lakwal mai zurfi, yana hawa bagadi ya cika hudubarsa da Faransanci, tsofaffin mata na gyangyaɗi a bayan ɗaki, shi ma ta kama shi. Haka in Bafillatani ko Buzu ya shigo sujada, Hausarsa ba ta da ƙarfi, ba wanda ya matsa kusa ya yi masa bayani.

Abin da ake koya a Danja

Daga aya 12 ta sura 12 Bulus ya kawo misalin jiki. Ƙafa na ƙorafi don ba a yi ta hannu ba, ido na ganin zai iya rayuwa ba tare da hannu ba. Mun ji shi tun muna makarantar Lahadi har ya daina cizonmu. Mu da ke gundumar Madarunfa muna da wurin da zai sake wasa mana shi.

A kan hanyar da ta tashi daga Maraɗi ta bi Ɗan Isa zuwa Jibiya, kamar kilomita 15 daga birni, akwai asibitin Danja, wanda SIM ta buɗe a 1956 don masu cutar kuturta. Bari mu fara gyara abin da ake faɗa a kan cutar, tun da darasin manya ne. Ba la'ana ba ce, ba sammu ba ne, ba kuma gadonta ake yi ba. Ƙwayar cuta ce, wani likita ɗan ƙasar Norwe mai suna Hansen ya fara ganin ta a 1873. Tana warkewa da magani na wata 6 ko wata 12, kyauta ake bayarwa, kuma da zarar mutum ya fara sha ya daina yaɗa ta. Alamarta ta farko tabo ne a fata wanda ya fi sauran jiki haske. Ma'aikacin lafiya yakan ce mutum ya rufe ido, ya shafa masa auduga a wurin. In bai ji ba, sai a ci gaba da bincike. Wanda ya ga irin wannan tabo a jikinsa ko a jikin ɗansa ya tafi likita da wuri, tun jijiya ba ta taɓu ba.

Da can ana zaton cutar ce da kanta ke cinye yatsu. Wani likitan fiɗa ɗan Ingila, Paul Brand, wanda ya yi aiki a asibitin Belor na ƙasar Indiya daga ƙarshen shekarun 1940, ya nuna cewa yawancin ɓarnar ba daga nan take ba. Cutar tana kashe jijiyoyin da ke kai wa ƙwaƙwalwa labarin zafi. Manomi ya taka ƙaya da safe, ya wuni yana noma a kanta, sai da yamma ya ga jini a takalmi. Mace ta sauke tukunya daga murhu da hannu tsirara, ba ta san ta ƙone ba sai ta ga bororo. Ciwon ya ruɓe, ana ta takawa a kansa tun da ba ya zafi, har ya kai ƙashi. Rashin jin zafi shi ke cin gaɓa.

Shi ya sa ko bayan an warke ake koya wa mutum aikin kowace rana. Ya jiƙa ƙafafunsa cikin ruwa, ya goge kaushi da dutse, ya shafa mai, sa'an nan ya duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya. Inda idonsa ba ya kaiwa ya sa madubi, ko ya ce wa matarsa ko abokinsa, “Duba mini.” Ya zazzage takalmi kafin ya sa. Ya riƙe tukunya da tsumma. Tun da ƙafa ba ta iya kuka, dole ido ya je ya tambaye ta.

Yanzu a sake karanta 1 Korintiyawa 12:25-26, inda aka ce wahalar gaɓa ɗaya ta zama ta jiki duka. Abin da ya sa jiki ya zama ɗaya ba kamannin gaɓoɓi ba ne, domin ido bai yi kama da diddige ba ko kaɗan. Labarin da ke tafiya tsakaninsu ne. In gwauruwa a cikinmu ta kwana uku ba ta ɗora tukunya ba, ba wanda ya sani sai bayan mako biyu, to jijiya ta mutu, kome daɗin waƙarmu ranar Lahadi. In yaro ya daina zuwa sujada tun damina, sai da kaka wani ya ce, “Af, ina wane?” haka ne. In sabon mai bi ya rasa abokan ciniki da dangin da ke gaishe shi, mu kuma muka yi masa barka da baftisma muka watse, haka ne. Kuma yawanci masu irin wannan ciwo ba sa magana. Kunya ta hana su. Sai an je an duba. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce zumunta a ƙafa take.

Gargaɗi ga malamin aji: kada a bar wannan misali ya zama abin muzanta kowa. Mai yiwuwa a ajin akwai wanda ya yi cutar ko wani nasa ya yi. In ya yarda ya yi bayani, a saurare shi, domin ya fi mu sanin yadda ake kula da gaɓar da ba ta magana.

Ayyukan da ba a tafa musu

Bulus ya ce gaɓoɓin da ake gani kamar raunana su ne ba a iya yi sai da su. Rigimar farko da aka rubuta a ikilisiyar Urushalima ma ba a kan koyarwa aka yi ta ba, a kan rabon abinci ne. Masu jin Helenanci suka ce ana tsallake gwaurayensu. Manzanni ba su ce a yi haƙuri a yi addu'a kawai ba. Suka sa jama'a ta zaɓi mutum 7, kuma duka bakwai ɗin sunayen Helenanci gare su, alamar cewa daga ɓangaren masu kukan aka ɗauko su. Dubi sharaɗin da aka sa wa masu rabon tuwo: su zama cike da Ruhu da hikima. Saboda haka ma'ajin da ke rubuta kowace dala ta baiko a littafi, ya karanta wa jama'a lissafi ba tare da an roƙe shi ba, aikin Ruhu yake yi. Rigingimu nawa ne littafin lissafi mai tsabta zai kashe tun ba su tashi ba?

Haka matar da ke riga kowa zuwa ta share majami'a ta cika randa, da wadda ke dama kunu ta kai wa mai jego, da dattijon da in ya shiga tsakanin miji da mata wuta ke mutuwa. A Danja an buɗe cibiyar masu yoyon fitsari a 2012, mata na zuwa daga nesa, galibinsu Musulmi kamar yawancin jama'ar ƙasa. Sunan likitan fiɗa ake ji, amma aikinsa ba zai yi kyau ba sai da mai wanke zannuwa da mai dafa abinci da mai zama kusa da gado tana kwantar wa mara lafiya hankali. Akwai kuma Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya da ya zo Maraɗi aikin mishan a farkon shekarun 1980. Ba a san shi da wa'azi ba. A 1983 ya lura cewa kututturan da ake sarewa a gona suna da rai, in aka rage tohon aka bar ƴan ƙwarara sai su zama itace. Manoma suka karɓi sassaben zamani, suka inganta shi, suka koya wa juna, har itatuwa suka dawo a miliyoyin eka. Wani zai ce wannan ilimin gona ne, ba baiwar Ruhu ba. Ban ga amfanin jan dogon layi a tsakani ba. Iyawar da mutum ya miƙa wa Allah, aka ci moriyarta, ta shiga sahun hidima.

Tarihin gidanmu

SIM ta fara aiki a Damagaram a 1924, ta kafa tasha a Tsibiri kafin ƙarshen shekarun 1920, ta buɗe asibitin Galmi a 1950. Daga wannan aiki aka haifi ikilisiyar EERN a daidai lokacin da ƙasa ke samun ƴancin kai. Wajen ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon 1990 gidan ya tsage, aka sami UEEPN da ikilisiyar Salama a gefen EERN. Ba a kan wane ne Yesu aka rabu ba. Littafi ɗaya ake karantawa, waƙoƙi ɗaya ake rerawa. Shugabanci da amana da riƙon dukiya ne suka kawo saɓani, irin abubuwan da suka dami Korinti da Urushalima. Ba aikin wannan aji ba ne ya yanke wa iyayenmu hukunci. Aikinmu mu san cewa abin da ya same su yana iya samunmu. Daga baya an kafa ƙawancen AMEEN don majami'u da ƙungiyoyin mishan su sami inuwar zama tare.

Ranar wahala kuwa ba a tambayar ɗarika. A watan Nuwamba na 2000, a tarzomar da ta tashi kan bikin nunin tufafi na FIMA, an kai wa majami'ar Vie Abondante hari a Maraɗi, an kuma taɓa harabar SIM, alhali salon sujadarsu ya sha bamban. A Janairun 2015 an ƙone majami'u a Damagaram da Yamai, hukuma ta ƙidaya 45 a Yamai kaɗai, na Katolika da na sauran ɗariku duka. A Yunin 2019 an sa wa wata majami'ar Assemblées de Dieu wuta a Maraɗi. Ba a kawo waɗannan don a tada tsohon miki ko a zargi maƙwabta ba. Yawancin Musulmin da muke noma da ciniki da biki da makoki tare ba su da hannu a ciki. An kawo su ne don mu ga cewa na waje suna ɗaya suka san mu da shi.

Haɗin kai bai nufin sai an rushe ɗariku an rataya allo ɗaya ba. Mai son tafi da ganga ya yi, mai son natsuwa ya yi. Amma a daina farautar tumakin juna, a daina cewa cocin wane ba Ruhu, cocin wane kuma mahaukata ne. A je jana'izar juna da aurarrakin juna. In an sami saɓani a bi matakan Matiyu 18, a fara da zuwa wurin mutum shi kaɗai, ba da ba da labarinsa a bakin rijiya ko a WhatsApp ba. Kada kuma a zaci ana gamawa. Wajen shekara ta 96, kimanin shekara 40 bayan wasiƙar Bulus, ikilisiyar Roma ta aika wa Korintiyawa doguwar wasiƙa, wadda aka sani da sunan Kilemen, don sun sake rabuwa har sun tsige dattawansu.

Sura 13 ba ta ango da amarya ba ce

Mun saba jin 1 Korintiyawa 13 ranar ɗaurin aure, ba laifi. Amma ba don sababbin ma'aurata aka rubuta ta ba. Tana tsakanin sura 12 da 14, a tsakiyar gardamar baye-baye, kuma ga mutanen da ke fushi da juna aka aika ta. Bulus ya fara da baye-bayen da suka fi burge su, harsuna da annabci da sani da bangaskiyar al'ajabi, har da rabar da dukiya duka, ya ce in babu ƙauna duk a banza. Wato mutum na iya kyauta mai yawa ba don yana ƙaunar kowa ba. Mun sani, mun gani.

Daga aya 4 zuwa 7 an faɗi abu 15 game da ƙauna, 8 daga ciki abubuwan da ba ta yi ne. A ɗauki waɗannan takwas a gwada da sauran wasiƙar. Kishi yana sura 3. Kumbura kai yana sura 4 da 5 da 8. Ƙirga laifin ɗan'uwa yana sura 6, inda ake zuwa kotu. Son kai yana sura 11, wajen cin abinci. Ashe hotonsu ya zana musu a juye. Kuma sha biyar ɗin nan ba a kan abin da mutum ke ji a zuciya kawai suka tsaya ba. Duka hali ne da aiki. Kana iya haƙuri da wanda jininku bai haɗu ba. Kana iya ƙin yaɗa tuntuɓen wanda ya taɓa kunyata ka a gaban jama'a.

Yadda mutum ke gane tasa

Ba a zama a ɗaka ana jiran mafarki. A kama aikin da ke gaba, a gwada. Abin da kake yi mutane na samun taimako, kai ma kana jin ƙarfin ci gaba ko ba a yabe ka ba, wataƙila nan ne. Ƴan'uwa su ne madubi. In kai kaɗai ke ganin kana da baiwar koyarwa, aji kuma kullum raguwa yake, ka karɓi gaskiya ka nemi wani fanni, ba abin kunya ba ne.

Nauyi mafi girma yana kan shugabanni. Afisawa 4:12 ta nuna cewa aikin fasto da mai koyarwa shi ne su shirya jama'a don jama'a ta yi hidima. Baba fasto da shi ne mai wa'azi, shi ne ma'aji, shi ne mai ziyara, shi ne mai riƙe makulli, zai gaji, mutanensa kuma za su zama ƴan kallo. A ba saurayin nan mai zafin addu'a aikin ziyarar marasa lafiya, a haɗa shi da dattijon da ya ce hayaniya ya koyo, su riƙa tafiya tare. A tambayi mata ra'ayinsu kafin a yanke shawara, ba bayan an yanke ba, tun da su suka fi sanin gidan da ba a hura wuta ba.

Tambayoyi da aikin gida

A tattauna a rukuni na mutum huɗu ko biyar, maza da mata, manya da matasa a gauraye. Yaya ikilisiya za ta kasance da kowace baiwa amma a kira ta jaririya? Waɗanne dokoki sura 14 ta kafa wa mai harsuna da mai annabci, wacce ce a ciki ta fi yi wa majami'arku wuyar bi? Me ke sa mai ciwon da ba ya zafi ya fi shiga haɗari, kuma su wane ne a ikilisiya ba su iya faɗin damuwarsu? A yi magana a kan iri, kada a kama sunan kowa a gaban aji.

Gwajin rubutu: kowa ya rubuta jimla uku a kan wani aiki da ake yi a majami'arsu wanda ba a taɓa yin godiyarsa daga bagadi ba. Gwajin lissafi: in baikon wata ya kama jika 24, aka ware kashi ɗaya cikin huɗu don gwauraye da marasa lafiya, nawa ke nan, nawa kuma ya rage?

Kafin aji na gaba, kowane rukuni ya zauna da fasto ko wani dattijo, su bi gidajen ikilisiya ɗaya bayan ɗaya, su fitar da waɗanda ba a gani ba wata guda ko fiye. A raba su, mutum biyu biyu su je gaisuwa. Abin da aka ji a can na fasto da dattawa ne, ba na aji ba.